Kofi Mai Hawa Biyu: Daga Ƙasar Tekila Zuwa Ƙasar Namoda

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram a watan azumi ya san kofin nan. Dogon tambulan ne na gilashi, gindinsa ja wur, samansa ruwan lemo, a tsakiya kuma launukan biyu sun shiga juna ba su gauraye ba. Mata masu sana'ar kayan buɗa baki sun iya shi, amare ma suna koyo don fita kunyar baƙi. Da yawa cikin masu haɗa shi ba su san cewa a ƙasarsa ta asali giya ce ba. Sunansa a can Tequila Sunrise, kuma abu uku ake zubawa: barasar tekila, ruwan lemon zaƙi, da wani jan ruwan sukari mai kauri da ake yi da rumman. Lemo ya daɗe da isowa Ɗan Isa da sauran ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Jan ruwan ma muna da abin da ya fi shi. Barasar ce ba ta taɓa samun gindin zama ba, kuma wannan yana da tarihi. Fiye da shekara 200 ke nan hukumomi huɗu, kowace da nata dalili, suna shata iyaka a bakin ƙoƙon mutanen wannan yanki.

Can inda aka haife shi

Tekila sunan gari ne a jihar Jalisco da ke yammacin ƙasar Meksiko. A jar ƙasar da ke kewaye da garin ake noman wata shuka mai suna agabe, mai dogayen ganyaye masu kauri da tsini, kamanninta ɗaya da kabar giwa sai dai ta ninka ta girma. Ba shukar mai gaggawa ba ce, don takan shekara shida ko bakwai, wani lokaci fiye, kafin ta nuna. Idan ta isa, sai manomi ya sassare ganyen da wani ƙarfe mai faɗin baki, ya bar kututturen tsakiya, wanda nauyinsa kan kai na buhun siminti ko ya wuce. A gasa shi a manyan tanderu har ya yi zaƙi, a matse ruwan, a bar shi ya tashi, sannan a dafa shi a tara tururinsa sau biyu. Wannan dabara ta tara tururi ita ce ta raba barasa da giyar tukunya, kuma ta yaɗu a Meksiko ne bayan zuwan Turawan Sifaniya.

A 1758 aka ba José Antonio de Cuervo fili a yankin, a 1795 kuma Sarkin Sifaniya Carlos na Huɗu ya ba iyalansa izinin yin barasar don sayarwa. A 1873 Cenobio Sauza ya kafa nasa kamfani, ya shiga tura kaya Amurka. Abin da ya buɗe wa tekila kasuwa sosai shi ne haramcin da Amurka ta yi wa giya daga 1920 zuwa 1933. Masu kuɗin Kalifoniya suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Tijuana, inda aka buɗe wani katafaren wurin caca da shaƙatawa mai suna Agua Caliente a 1928. A nan sunan Tequila Sunrise ya fara fitowa a rubuce. Wani otal a jihar Arizona, Arizona Biltmore, shi ma yana da'awar cewa ma'aikacinsa Gene Sulit ne ya ƙirƙiro shi. Amma irin na wancan zamani babu lemon zaƙi a ciki. Lemon tsami ne da ruwan soda da wata baƙar giya mai zaƙi.

Wanda duniya ta sani yau a farkon shekarun 1970 aka haɗa shi, a wani gidan cin abinci mai suna Trident da ke Sausalito kusa da San Francisco, a hannun wasu samari biyu, Bobby Lozoff da Billy Rice. A 1972 mawaƙan Ingila na ƙungiyar Rolling Stones suka je liyafa a wurin a farkon zagayensu na Amurka, suka ɗanɗana, suka bi gari gari suna nemansa. Da shekara ta zagayo ƙungiyar Eagles ta fitar da waƙa mai wannan suna, kamfanin Cuervo kuma ya buga yadda ake haɗin a bayan kwalabensa. Ma'aunin da ƙungiyar masu haɗa giya ta duniya ta tsayar shi ne mililita 45 na tekila, 90 na ruwan lemo, 15 na jan ruwan rumman. A shekarar da mawaƙan Amurka ke rera sunansa, mutanen Zurmi da Shinkafi suna fama da farin 1973, abin da ke ransu shi ne inda za a sami geron fura.

Ƙoƙon Zamfara tun kafin jihadi

Abin shan ƙasar nan tun fil azal daga gona da garke yake fitowa. Manomi ya kawo gero, Bafulatana ta kawo nono, a dama a ƙwarya da ludayi. Baƙo idan ya sauka, kafin a tambaye shi labarin hanya sai an miƙa masa ruwa, in da hali a bi shi da fura. Akwai kunun tsamiya da kunun kanwa da koko, akwai farau-farau na ranar zafi, akwai jiƙon tsamiya da zuma. A gefen gona kuma, inda iyaka ta raba wannan da wancan, ana jera yakuwa, wadda mutanen nan ke kira sure: ganyen ya shiga miya da fate, 'ya'yan a yi daddawar batso, jan kwanson furen a shanya don zoɓo.

Giya ma tana nan, ba wanda zai musa. Maguzawa, waɗanda suka riƙe addinin kakanni, suna dafa ta da dawa, kuma mata ne ma'aikatanta. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a inuwa a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba a manyan tukwane da ɗan ragowar ta jiya don ta tashi. Aikin kusan mako guda ne. Ana shan ta wurin gayya, da biki, da makoki, ana kuma zuba wa iskoki rabonsu a gindin tsamiya ko kan dutse. Wuraren duwatsu irin su Kwatarkwashi sun daɗe da irin waɗannan al'adu.

Abin lura game da giyar tukunya shi ne ba ta tafiya. Kwana biyu ko uku ta lalace. Ba a ɗora ta a kan jaki a kai wata ƙasa, ba a ajiye ta don baɗi. Saboda haka ba ta taɓa zama hajar fatauci ba, inda aka dafa ta nan take ƙarewa. Fatake da ke bin hanyar Katsina zuwa Sakkwato ta Zurmi da Badarawa, hanyar da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi a 1853, gishiri da kanwa da tufafi da goro suke ɗauka.

Iyaka ta farko: Shehu da Namoda

Tun wajen 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo ƙasar Zamfara da wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar yana zagaya garuruwanta, ƙanensa Abdullahi na tare da shi. A lokacin Gobirawa sun riga sun ci Birnin Zamfara, sun kafa Alƙalawa a kusa da kufansa, Zamfarawa sun warwatsu kowa da nasa sarki. Cikin laifuffukan da Shehu ya jera wa sarakunan zamaninsa a littafin Kitabul Farƙ akwai rashin damuwa da halal da haram a abin da suke ci da abin da suke sha. Hukuncin da ɗalibansa suka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da har gobe ake biyawa a zaurukan malamai, bulala 80 ne ga Musulmin da ya sha abin maye, ko ya bugu ko bai bugu ba.

Da jihadi ya tashi a 1804, Fulanin Alibawa na yankin Zurmi suka mara wa Shehu baya a ƙarƙashin Muhammadu Namoda. Shi ne ya karya Abzinawa a Fafara kusa da Zurmi a 1806, yana kuma cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Ya rasu wajen 1810 a yaƙin Kiyawa, ya bar garin da ke ɗauke da sunansa. Daga nan yankin ya shiga Daular Usmaniyya, giya ta fita daga fada da kasuwar birni.

Amma daular ba ta bi kowace tukunya ta fasa ba. Maguzawan da suka yarda da biyan jiziya an bar su da al'adunsu a ƙauyukansu. Tsarin da aka kafa shi ne wanda ya daɗe: haramci a kan Musulmi, ƙyaliya ga wanda ba Musulmi ba, in dai abin bai fito fili ba. Gurbin da giya ke cikewa wurin taro a wasu ƙasashe, a nan goro ne ya cike shi. Ayarin Gwanja kan yi watanni a hanya don kawo shi, kuma har yau ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an raba shi.

Iyaka ta biyu: Bature da kwalbarsa

A can bakin teku labarin daban ne. Tun zamanin cinikin bayi jiragen Turawa ke sauke barasa, a ƙarni na 19 kuma kwalaben jin masu arha daga Holan da Jamus suka cika Legas da gaɓar Neja, har a wasu wurare suka zama kuɗin ciniki. Wannan kam tana tafiya, tana kuma shekara ba ta canza ba. Tambayar ita ce ko za ta hau arewa.

A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Brussels. A cikinta aka amince cewa a yankunan Afirka da barasar Turawa ba ta riga ta shiga ba, saboda addini ko wani dalili, kada a bari ta shiga. Ƙasar Hausa ta faɗa cikin wannan rukuni. Da Lugard ya karɓi mulkin Arewa a 1900, Sakkwato kuma ta faɗi a watan Maris 1903, sai ya riƙe haramcin da ƙarfi. Ba don Allah ya yi ba. Mulkinsa ya jingina ne a kan sarakuna da alƙalai, ya kuma yi musu alkawarin ba zai taɓa addini ba. Sakin barasa a kasuwannin Musulmi zai zubar da ƙimar waɗanda yake mulki ta hannunsu. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, dokar barasa ta 1917 ta kasa Najeriya gida uku: inda aka haramta, inda ake sayarwa da lasisi, da inda aka taƙaita. Lardin Sakkwato, har da Zamfara, yana cikin na farko.

Bature dai bai hana kansa ba. Joji da Di'o da ma'aikatan kamfani suna da takardar izini, akwatunan wiski da jin na isa barikinsu ba fashi. Wani abin kuma, harajin barasar da ake sha a Kudu shi ne babban abin da ke cika baitulmalin can kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma daga wannan baitulmali ake tallafa wa gwamnatin Arewa da ba ta iya riƙe kanta. Wato an tsare Arewa daga kwalba, amma kuɗin kwalba ya shiga aikinta.

Jirgi ya iso Ƙaura

Abin da ya huda katangar shi ne dogo. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, nan ne ƙarshen layi. An shimfiɗa shi don gyaɗa da auduga da fata. Manoman Ɗan Isa da Kurya da Zurmi da Shinkafi suka riƙa kai amfanin gona da jakuna da raƙuma, 'yan baranda na tarewa, kantunan Turawa da na Kwara na aunawa. Tare da jirgi aka sami direbobi da akawu da makanikai daga Kudu, aka sami Sabon Gari, aka sami ɗakunan haya da gidajen magajiya, aka sami lebura mai tsabar kuɗi a aljihu ranar biya, nesa da idon mahaifinsa.

A irin waɗannan unguwanni burkutu ta bar gindin tsafi ta zama sana'a. Sai ta kwalba ta biyo baya. An kafa kamfanin giya na Najeriya a Legas a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a 1949, a 1963 kuma kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna, a kan layin dogon da ke zuwa Zariya. Tarago ɗaya ne ya kawo lemon kwalba. Coca-Cola ta fara fita a Najeriya a 1953, Fanta ta biyo baya, kuma ga yara da yawa na ƙauye a kwalbar Fanta suka fara sanin ɗanɗanon da ake kira na lemo, tun kafin su ga lemon zaƙi da yawa a kasuwa. Sukari mai ƙwaya da shayi da madarar gwangwani su ma ta nan suka bazu, har teburin mai shayi ya zama majalisar kowace tasha.

Ba daidai ba ne a ce Musulmin wancan zamani duk sun kau da kai. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 shan giya a otal ya zama alamar wayewa ga wasu ma'aikata da direbobi da 'yan siyasa. Alhaji Mamman Shata bai ɓoye nasa ba, har ya yi waƙar da ta ba malamai haushi a kan haka, jama'a kuma suka saye ta a faifai da kaset. Ana yi, ana kuma jin kunyar a gani, shi ya sa mashaya take bayan gari.

Iyaka ta uku da ta huɗu

Da 'yancin kai ya gabato, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka rubuta kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a ƙarshen Satumba 1960. Sashe na 403 ya mai da shan giya laifi a kan Musulmi kaɗai, da ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba ko tara, ana kuma iya ƙarawa da bulalar haddi, wadda aka tsara ta don kunyatarwa fiye da azabtarwa. Sayarwa kuma aka bar ta a hannun masu lasisi. Tsarin Sakkwato ne aka sa wa rigar zamani: doka na bin mai sha gwargwadon addininsa.

A cikin waɗannan shekaru dawa ta koma tsohon aikinta ta wata ƙofa. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir da kamfanonin giya ke dogara da shi, sai suka juya ga dawar Arewa, musamman irin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta inganta. Manomin da bai taɓa kai giya bakinsa ba ya sayar da buhunsa a kasuwa, dillali ya loda a mota, ba wanda ya tambayi inda za ta. Irin waɗannan kamfanoni ne kuma suka fito da Maltina a 1976 da 'yan uwanta daga baya, suka sami kasuwar da giya ba za ta taɓa samu ba a bukukuwan Musulmi.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Ahmad Sani Yariman Bakura ya hau gwamna a watan Mayu 1999, Shata ya rasu a watan Yuni, ranar 27 ga Oktoba kuma aka yi taron ƙaddamar da Shari'a a Gusau, wanda jama'a suka yi wa tururuwa daga ko'ina a Arewa. Sabon kundin ya fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. Bulala 80 ta dawo, an soke lasisin sayar da giya, an rufe mashaya, daga baya aka kafa hukumar Hisba. Wannan karon an wuce inda magabata suka tsaya, don an hana cinikin ne a fili baki ɗaya, ba mai sha kaɗai aka bi ba. Abin da ya rage sai kasuwannin barikin soja, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Jihohi 11 suka bi sahun Zamfara. Tsohuwar maganar nan ta zamanin Lugard kuma ta dawo, don masu suka na cewa jihohin da ke fasa kwalabe suna karɓar kasonsu na harajin kaya da ake tarawa a Abuja, wanda na giya ke ciki.

Rufe mashaya bai rufe ƙishin maye ba. Wanda ke tsoron warin giya ya tona masa asiri sai ya koma ga abin da ba ya wari: maganin tari mai kodin, da ƙwayar taramol, da sholisho. A ranar 1 ga Mayu 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Iyaye a Shinkafi da Zurmi sun san cewa abin da ke cin samarinsu yau, har da yaran da ke riƙe da bindiga a daji, a 'yar leda yake zuwa, ba a kwalbar Meksiko ba. Rikicin dajin ya taɓa har ƙwaryar fura. Satar shanu ta watsa rugage, noma ya gagara a gonakin nesa, a watan Satumba 2021 kuma aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a jihar na wani lokaci. Inda manomi da makiyayi suka daina haɗuwa, nono ya yi tsada, wasu masu fura sun koma dama madarar gari.

Yadda ake haɗa shi a gidajenmu

Kofi mai hawa biyu ya shigo ne ta waya, bayan duk wannan tarihi ya riga ya tace shi. Yana da yaya a Najeriya, wato Chapman, wanda ake danganta asalinsa da kulob ɗin Ikoyi na Legas: Fanta da Sprite da jan ruwan rumman da yankan kokwamba. Masu kiyayewa su sani cewa ɗigon Angostura da ake sa wa Chapman na otal barasa ce mai ƙarfi, fiye da kashi 44 cikin 100, shi ya sa matan Arewa da yawa suke barin ta.

Sirrin hawa biyun ba ya cikin tekila ko kaɗan, yana cikin sukari. Ruwan lemon zaƙi kusan kashi ɗaya cikin goma ne sukarinsa, jan ruwan kuwa rabinsa ko fiye sukari ne, don haka ya fi nauyi, ya nutse ya kwanta a ƙasa. Duk jan abu mai kaurin sukari zai yi wannan aiki, kuma zoɓo ya fi rumman ɗin kanti launi da ƙamshi, tunda yawancin na kantin ruwan sukari ne da kala.

A ɗebi busasshen zoɓo cikin kofi ɗaya, a ɗauraye shi da sauri don ƙasa ta fita, a zuba ruwa kofi biyu da ɗan citta da kanumfari, a tafasa har ruwan ya yi jan duhu. Kada a sa kanwa don kashe tsami kamar yadda wasu ke yi wa zoɓon sayarwa, tana dusashe jan ya koma baƙi-baƙi. A tace, a auna, kowane kofi na ruwan a ba shi kofi na sukari, a mayar wuta kaɗan-kaɗan har ya fara kama bayan cokali, a sauke ya huce sarai. Lemon kuma a samu irin na Binuwai da manyan motoci ke kawowa, mai koren bawo da nauyi a hannu, a matse uku ko huɗu, a tace 'ya'yan. Ba a sa masa sukari, in aka sa nauyin ya zo ɗaya, launin ya cakuɗe. A cika tambulan da ƙanƙara, a zuba lemo ya kusa baki, sannan a kifa cokali a jingina bakinsa da jikin gilashin, a tsiyaya jan ruwan cokali biyu a kansa a hankali. Za a ga ya gangara ta gefe, ya taru a gindi, ya fara hawa sama kaɗan-kaɗan. A nan ne yaya kan tsawata wa ƙanwarta: "Ke, ajiye cokalin nan, ba kunu kike damawa ba." Wanda aka miƙa wa shi ne zai motsa abinsa.

Abu mafi wuya a Ɗan Isa ba zoɓo ba ne ba kuma lemo ba, ƙanƙara ce. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sai a saya wurin mai firjin sola, ko a sanyaya lemon a gindin randa a haƙura.

Zoɓo ya tafi, tekila ba ta zo ba

Mutanen Meksiko suna da wani jan abin sha mai sanyi da suke kira agua de Jamaica, ana sayar da shi a manyan tuluna na gilashi a kasuwa da gidajen abinci, yara da manya suna sha da abincin rana. Zoɓo ne, ba wani abu ba. Masana da yawa na ganin asalin shukar Afirka ne, ta tsallaka teku a zamanin cinikin bayi. Abin da Meksiko ke nomawa ba ya isarta, sai ta sayo daga waje, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata. Mafi yawan zoɓon da ke fita daga ƙasar nan can yake zuwa. Dillalai na bi kasuwannin ƙauye daga Jigawa da Katsina har Zamfara suna tarawa a buhuna, a kai rumbunan Kano, mata su tsince, a danne a kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Wajen 2018 Meksiko ta dakatar da saye saboda wani ƙwaron rumbu da aka gani a cikin kaya, farashi ya faɗi, sai bayan shekaru aka sake buɗe ƙofa bisa sharaɗin a riƙa yi wa kayan hayaƙin magani a ɗakuna na musamman kafin a loda.

Ga inda bambancin yake. A 1974 gwamnatin Meksiko ta kafa dokar da ta ce ba abin da za a kira tekila sai wanda aka yi da shuɗiyar agabe a Jalisco da wasu yankuna ƙididdigaggu na wasu jihohi. A 1994 aka kafa hukumar da ke bin kowace gona da kowace masana'anta, a 2006 kuma hukumar UNESCO ta sa gonakin agabe cikin wuraren tarihi na duniya. Suna ya zama dukiya, kowace kwalba tana ɗauke da lambar inda aka yi ta. Namu zoɓon yana fita a buhu, ba sunan gari, ba sunan manomi, mai shansa a Guadalajara bai san akwai wata ƙasa Zamfara ba. Ribar tacewa da ƙullawa da sa suna duk a can take tsayawa.

Ba sai an je nesa neman misali ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajistar suna a hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta ƙasashen Afirka, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Shekara 200 hukumomin da suka mulki ƙasar Namoda sun himmatu wajen tantance abin da ba zai shiga ƙoƙon talaka ba, kuma a kan barasar waje sun yi nasara. Aikin da ke jiran masu mulki na yanzu shi ne na abin da ke fita: hanyar gona da babu fargaba, wurin shanya mai tsabta, ƙungiyar manoma da za ta yi ciniki da baki ɗaya, da suna a jikin buhu.